Allurar da Ta Soki Yatsan Siririya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ki a ido ba. Yaya jikin Inna, yaya gwiwoyin nata? Ki gaida mini Malam mijinki da ƙoƙari, ki kuma ja mini kunnen Gimbiya kaɗan, ki ce uwarta ce ta aiko. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon baya da idanun nan da suke yi mini yaji in yamma ta yi.

Na san kin ga Direba ya tsaya a ƙofar shagonki ba ni a motar, kin fara haɗe rai. Ki yi haƙuri ki karanta tukuna. Kin tuna Dogo, abokin aikin nan nawa mai waƙa in yana wanke gilasai? An mayar da shi babban asibiti. An ce za a turo wani a madadinsa, amma har yau ko inuwarsa ban gani ba. Yanzu ni kaɗai ce a ɗakin gwaje-gwaje. In na rufe ƙofa na taho hutu, da ka Likita zai riƙa ba da magani.

Kullum kina cewa ba ki san abin da nake yi ba in ban da zuƙe wa bayin Allah jini. To bari in gaya miki. Ina isowa da safe in tarar benci ya cika, kowa da 'yar takardarsa daga wurin Likita. Kafin in taɓa kowa sai na buɗe firji na ji ko ya kwana da sanyi, don in wuta ta ɗauke janareto bai tashi ba, jinin da muka ajiye saboda masu haihuwa ya tashi aiki. Sannan in goge tebur, in kunna madubin da nake duba ƙwayoyin cuta da shi, in sa safar hannu. Daga nan sai kira. Wannan a soki yatsa, wannan a nemi jijiya, wannan a ba shi kwalba ya kawo kaki. Jiya na ce wa wata tsohuwa ta kawo fitsari ɗan kaɗan, ta dawo mini da rabin jarka a lulluɓe cikin zane, wai kada ya kasa a ce ta yi rowa.

Kowace kwalba sai na rubuta sunan mai ita kafin ya tashi daga kujera. Nan tsoron aikin yake, Yaya. Kwalabe duk kamarsu ɗaya, jini duk ja ne. In na musanya biyu, mai lafiya ya tafi gida yana kuka, mai ciwo ya tafi yana murna ciwon ya ci gaba da cinsa. Ga damina ta kawo zazzaɓi, yara ba a magana. Wuni nake a sunkuye a kan madubi har wuyana ya ƙage. In na rufe ido ma ƙwayoyin nake gani suna yawo, shuɗi da ja.

Waya kin san nan ba ta kamawa, Direba ne wayarmu. Ki ba shi amsa in zai juyo. Ki ce wa Gimbiya uwarta tana nan tafe, ba dai wannan karon ba.

Ƙanwarki,
Siririya

*

Siririyata,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya. Inna gwiwa ta matsa mata, sai da sanda take fita tsakar gida, amma baki yana nan da ƙarfinsa. Duk wanda ya shigo sai ta gaya masa 'yarta likita ce. Na gaji da gyara mata, na bar ta da likitarta. Malam yana gaishe ki, yana shan maganin sukarinsa in na tsaya a kansa.

Wasiƙarki ta zo, ke ba ki zo ba. Labarin tsohuwa mai jarka ya ba ni dariya har na soke yatsa da allurar keken ɗinki, amma ban huce ba. Gimbiya tun da sassafe ta yi wanka, ta goge rigarta, ta zo shago ta zauna tana taya ni warware zare, ita da ko almakashi ba ta miƙo mini in ban yi magana uku ba. Da motar ta tsaya ta riga ni fita. Da ta ga takarda ce, ta karɓo ta miƙo mini, ta ce kanta yana ciwo, ta wuce gida.

Ke ƙanwata, yarinyar nan ta fi ni tsawo yanzu. Ta fara zama budurwa, akwai tambayoyin da take yi mini waɗanda bakin uwarta ya kamata ya amsa. Tun rasuwar babanta kika kawo mini ita saboda makaranta, kika ce shekara ɗaya za ki yi a can a dawo da ke kusa. Ban ƙirga miki ba, amma ita tana ƙirgawa. Ba nauyi take yi mini ba, Allah ya sani, 'yata ce. Uwa dai take so.

Kin ce in kin taho asibiti zai tsaya. To in kin faɗi fa? Su masu tura mutane ba su san ɗan Adam yana gajiya ba? Ki buɗe baki ki yi musu magana, ba wannan shirun naki na tun yarinta ba, da za a taka miki ƙafa ki ce sannu.

Ga riga nan na ɗinka miki da ragowar yadin wata amarya. Da ido na auna, in ta yi miki yawa ki ci abinci ki cika ta.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, Inna da Malam da Gimbiya. Riga ta iso, na gode, Allah ya bar mini ke. Wannan ki karanta ke kaɗai, ba a gaban Inna ba.

Shekaranjiya wani abu ya same ni. An kawo wata mata a kwance, ta rame, zazzaɓi ya fitar da ita daga hayyacinta. Ba ta iya zuwa wurina, ni na ɗauki tire na same ta a ɗakin mata. Jijiyoyinta duk sun ɓuya, na daɗe ina lalube kafin in samu. Na ɗebi jinin lafiya, ina zare allurar ke nan ta fizge hannu. Allurar ta huda safar ta shige mini babban yatsa. Ba wani zafi, kamar ƙaya ce ta soke ni. Shekarun nan duka ina ja wa ɗalibai kunne a kan wannan lokacin, sai ga shi a kaina.

Na je famfo na wanke da sabulu, na daɗe ina wankewa. Sannan na ɗauki kwalbar na koma ɗakin gwaji, na turo ƙofa, na ɗiga jinin a kan tsinken gwaji. Yadda yake shi ne, in layi ɗaya ya fito lafiya, in biyu akwai cuta. Ban gama zama a kujera ba na biyun ya fito. Ƙanjamau ne, Yaya. Na sake da wani tsinken, haka ya nuna.

Na kai wa Likita. Ya cire tabarau ya dube ni, bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Nan take ya ɗora ni a kan magani, ya ce kada in kuskura in tsallake ko rana ɗaya. Sista Babba, shugabar nas ɗinmu, ta ce in tafi gida in kwanta. Na leƙa ta taga na ga benci, wata uwa tana fifita ɗanta da takardar gwaji. Na sa sabuwar safa na ce na gaba ya shigo. Wa zai yi?

Bayan su biyun ba wanda ya sani sai ke. Na gaji, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya cire ta. Ki riƙe mini Gimbiya da kyau. Ki rubuto mini ko kalma ɗaya ce, ina son jin muryarki ko a takarda ne.

Direba yana ta danna hon, hadari ya haɗo, yana son ya haye gada kafin ruwa. Bari in tsaya nan.

Siririya

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki, ina fata ba jikin Inna ba ne.

Da farko na ce ruwa ne, don gadar hanyarmu ta nutse, mota ta yi kwanaki ba ta shigo ba. Amma ruwa ya janye. Direba ya zo, ya koma, ya sake zuwa. Duk zuwansa ina fitowa bakin taga da safa a hannu, ya ɗago mini tafin hannunsa wayam. Na tambaye shi ko ya ba ki waccan, ya ce hannu da hannu, a shago, kina tsakiyar yanka yadi.

Maganin yana ba ni wahala. Tashin zuciya, jiri, baki ɗaci. Warin kaki da na bahaya da na shekara da shekaru ina shaƙa ban taɓa yamutsa fuska ba, yanzu ina buɗe kwalba sai in ruga bayan ɗaki. In wanke baki in dawo in ci gaba daga inda na tsaya. Rigar da kika ɗinka ta ƙara yi mini yawa. Injin juya jini ma ya fara wata ƙara kamar zai tashi sama, sai na dafe shi da hannu ɗaya ina rubutu da ɗayan. Wanda za a turo kuwa, an ce takardarsa tana kan tebur. Ban san teburin wa ba.

Matar nan ta farfaɗo. Ita ma an ɗora ta a kan magani, ta fara cin abinci, har tana fitowa shan rana. Ba ta san abin da ya faru ba, ba ta cikin hayyacinta a lokacin. In na wuce sai ta ɗago hannu ta ce, "Malama, Allah ya saka da alheri." Na ɗauka zan ji haushinta. Na duba zuciyata ban samu ba, ina jin ko ƙarfin jin haushin ne ba ni da shi.

Yaya, in ƙyamata kike yi, ki faɗa mini a fili. Na sha ganin irin wannan a bencina. A shigo da mutum ana riƙe da hannunsa, a fita ana tafiya nesa da shi. Na saba gani a wurin wasu. Ban taɓa kawo wa raina zan tsaya a taga ina jiran naki hannun ba.

Siririya

*

Siririya, ƙanwata ta ciki ɗaya,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki. Mu dai muna nan, ba zan ce lafiya ƙalau ba in yi miki ƙarya.

Ƙyama? Ni? Ni da na goya ki har bayana ya yi kanta, ni da na wanke miki kashi kina jaririya? Allah ya yafe miki wannan magana, ni ma na yafe, amma ta soke ni.

Shirun da na yi, ban san abin da zan rubuta ba ne. Na fara wasiƙa na yaga, na fara na yaga. Me ake rubuta wa ƙanwar da ta ce ta gwada jini ta ga wannan ciwo a jikinta, ta kuma ce a riƙe mata 'yarta? Na karanta a shago, na shiga bayan labulen gwajin kaya na zauna a ƙasa. Sai na ce aiki ya fi magana. Na gaya wa Malam. Ya je asibitin cikin gari ya yi tambaya ba tare da ya kama suna ba, aka ce masa yanzu mutane suna daɗewa da shi in suna shan magani suna hutawa. Hutawa, kin ji? Na kwashe kayan ɗinki daga ɗakin nan mai taga biyu, mun yi masa fenti, mun sa gado. Na sayo sabon kofi da kwano da tawul na ware miki. Ki ajiye aikin nan ki dawo gida. Ya ci ƙuruciyarki, ya ci jininki, ya isa haka.

Inna ba ta sani ba, na ce mata baƙuwa za mu yi. Amma akwai abin da dole ki ji. Gimbiya ta ji muna magana da Malam, ban san tana bayan ƙofa ba. Daga ranar ta sauya. Ta dai rage cin abinci, sai ta juya cokali ta tashi. Malamar ajinsu ta aiko kirana, wai yarinyar da take ɗaga hannu kafin a gama tambaya yanzu sai ta zuba wa allo ido har a tashi. Jiya ina shanya ta zo ta tsaya a bayana ta ce, "Anti, Mama za ta kai ƙarshen shekara?" Na ce wa ya gaya miki irin wannan magana? Ta ce, "Ki dai faɗa mini, in fara shiri." Yarinya, wai ta fara shiri.

Ki taho, Siririya. Ko ba don kanki ba.

Yayarki

*

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko gaisuwa ba zan tsaya yi ba. Me kika karanta? Me na rubuta?

Jinin matar na gwada, Yaya, ba nawa ba! Kwalbar da na ɗauka tata ce. Ita ce take da cutar. Nawa ma an gwada a ranar, layi ɗaya ne, sai dai wannan ba ya nuna komai tukuna, don ko cutar ta shiga ba a ganinta da wuri haka. Maganin da nake sha na tarewa ne, na wata guda, don ya kashe ta kafin ta samu wurin zama. Likita ya ce mafi yawan waɗanda allura ta soka ba sa kamuwa. In na gama sha, a bari wasu makonni su wuce, sai a sake gwadawa. Ban ce miki na tsira ba, ban kuma ce na kamu ba. Jira nake yi. Ni da ba na barin mutum ya tashi sai na rubuta sunansa a jikin kwalba, na aiko miki da jini ban rubuta na wane ne ba. Ki yafe mini, ki yafe maganar ƙyamar ma.

Kofin nan ki mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Ko da ina da cutar, ba ta bin kofi, ba ta bin kwano, ba ta bin tawul. Da na zo wurin na ajiye takardar na yi kuka, sannan na yi dariya, don na san halinki, mafi kyau a kasuwar kika zaɓo.

Maganar ajiye aiki, kada ki ɗauka ba na yin tunaninta. Kullum ina yi, musamman in ina cire takalmi. Amma ki ji ta ranar da wasiƙarki ta zo. Tana aljihuna ban buɗe ba aka rugo, wata ta haihu jini ya ɓalle mata, wanda yake firji bai dace da nata ba. Na tara danginta a baranda, da suka ji maganar ba da jini, ƙannen mijin suka tafi neman ruwan sha, har yanzu ba su dawo ba. Na gwada uwarta, bai dace ba. Na gwada mijin, bai dace ba. Baba Mai-gadin asibitinmu ya ajiye sandarsa ya nannaɗe hannun riga ya ce, "Duba nawa, 'yata, in na tsoho yana yi." Ya dace. Na tace shi da duk gwajin da ake yi, na ɗiba, na ruga da ledar da ɗuminta. Matar tana nan da ranta, jaririn yana tsotso. Ba yabon kaina nake ba, ina dai gaya miki abin da yake riƙe mini ƙafa.

Amma Gimbiya. Tun da na karanta maganarta ban iya duba madubi da kyau ba, sai in goge ido in sake. Ki ba ta wannan takardar ta karanta da kanta, duka, kada ki ɓoye mata ko layi. Gimbiyata, uwarki ba ta mutuwa take yi ba, rubutu ne ba ta iya ba. Ki ci abinci.

Siririya

*

Siririya,

Alhamdu lillahi, na ce alhamdu lillahi. Muna lafiya, Inna tana ta tambayar ina baƙuwar da aka yi wa fenti. Malam da ya karanta ya zauna ya riƙe kai, ya ce ku gidanku ko magana ba ku iya kaiwa ƙarshe ba. Da kina kusa da sai na rungume ki, sannan in ɗauki ma'aunin yadi in zane ki. Na tsufa da shekara goma a kan kalma ɗaya da kika bari a cikin biro.

Na ba Gimbiya takardar kamar yadda kika ce. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa, ta ninke ta miƙo mini. Na ce ba ki yi murna ba? Ta ce, "Haɗa baki kuka yi." Na rantse mata. Ta ce, "Lokacin Baba ma haka kuka ce, yana samun sauƙi, yana samun sauƙi, har ranar da na dawo daga makaranta na ga takalma a ƙofar gida." Siririya, gaskiya ta faɗa, haka muka yi mata.

Yarinyar nan ba za ta yarda da takarda ba, ba za ta yarda da bakina ba. Ke kin ce ba za ki iya tahowa ba, ni ba zan iya barin Inna ba. To ana ba su hutun makaranta zan sa ta a motar Direba, a gaba kusa da shi, na riga na yi masa magana. Ki daidaita ranar gwajin naki da zuwanta. Duk abin da ya fito, mai daɗi ko marar daɗi, ta gani da idonta. Kada ki kore ta waje a ce yarinya ce. Ta wuce nan, mu muka wuce da ita.

Yayarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna, ina gaida Malam. Gimbiya ta iso lafiya. Kafin komai bari in rubuta yadda ba za a yi kuskure ba. Jinina, ni Siririya ƙanwarki, wanda aka ɗiba daga hannuna na dama, an gwada shi jiya, babu cuta. Saura gwaji ɗaya nan da wasu watanni don a rufe maganar, amma Likita ya ce in saki raina. Na gama maganin, abinci ya fara yi mini daɗi. Wanda za a turo har yau bai zo ba, na daina tambaya.

Da ta sauko daga mota ba ta rungume ni ba. Ta tsaya tana ƙare mini kallo, wuyana, wuyan hannuna, kamar mai sayen akuya. Ta ce, "Kin rame." Na ce ke ma. Na roƙi Likita ya kau da kai, na ajiye mata kujera a kusurwar ɗakin gwaji, nesa da tebur. Nan ta wuni tana kallona. Sai da muka tashi ta ce, "Mama, ke ba kya zama ne?"

Jiya da hantsi Sista Babba ta shigo ta turo ƙofa. Ita ta ɗaure mini hannu ta nemi jijiya. Ni da na soki mutanen da ban san iyakarsu ba, sai ga ni na kau da kai kamar ƙaramar yarinya. Na kira Gimbiya ta matso, na sa mata safa. Na nuna mata tsinken, na ce nan layin farko yake fitowa, wannan na kowa ne, yana nuna gwajin ya yi aiki. In wani ya fito a nan ƙasa, to akwai cuta. Na ce kin gane? Ta gyaɗa kai. Na ɗiga jinin da hannuna, don ba wanda zai yi sai ni.

Daga nan na ajiye kwalbar, Yaya. Na zauna na juya wa tebur baya. Na ce wa Gimbiya, "Ke duba mini."

Ta sunkuya. Can ta ce, "Ɗaya ya fito."

Na ce, "Wannan na kowa ne. Jira."

Ina jin numfashinta, ina jin agogon bango. Shekara nawa ina sa mutane wannan jiran ina ta harkokina, ina wanke gilashi, ina rubutu, ban san haka yake da tsawo ba.

"Har yanzu ɗaya ne, Mama."

"Jira dai."

Da lokaci ya cika Sista Babba ta ɗaga tsinken wajen hasken taga, ta juya shi, ta ce, "Ɗaya ne, Malama. Juyo ki gani, aikinki ne." Na juyo na duba. Ɗaya ne.

Gimbiya ba ta yi murmushi ba. Ta cire safar a hankali yadda ta ga ina yi, ta jefa a kwandon da ya dace. Sannan ta faɗo jikina tana dukan ƙirjina da hannu bibbiyu, tana kuka tana cewa, "Me ya sa ba ki rubuta da kyau ba? Me ya sa?" Na bar ta ta doka. Sista Babba ta juya tana gyara audugar da ba ta buƙatar gyara.

Muna haka aka ƙwanƙwasa taga. Wani mutum ne da takardarsa, a bayansa benci a cike. Jikina ya miƙe da kansa, hannuna ya tafi wajen kwalin safa. Sai na ji an riƙe mini farar riga ta baya. Gimbiya ce. Ta ce, "Su jira." Na ce Gimbiya, marasa lafiya ne. Ta ce, "Su jira kaɗan. Ni na fi su daɗewa." Na dubi Sista Babba. Ta fita ta ja mana ƙofa, na ji tana ce musu Malama tana da baƙuwa, kowa ya gyara zama.

Na koma na zauna, Yaya. Gimbiya ta ɗora kanta a cinyata da duk tsawon nan nata, ƙafafunta a ƙasa. Ban duba agogo ba.

Ƙanwarki,
Siririya